Yadda Za Ka Gane Inda Teku Zai Zubar da Roba, da Lokacin da Ya Kamata a Kwashe Ta

Duk wanda ya taɓa shiga aikin share bakin teku ya san wani irin takaici. A taru da sassafe, a cika buhuna, a bar yashi fes, bayan mako biyu a dawo a tarar kamar ba a taɓa komai ba. Wani lokacin kuma a shirya, a tara jama'a, a iso a ga gaɓar wayam, alhali shekaranjiya leda da gora sun rufe ta. Daga nan sai mutane su fara cewa ai sharar teku ba ta da ka'ida, ranar da ta ga dama take zuwa. Ba haka ba ne. Ruwa da iska ne ke ɗauke da ita, kuma dukansu biyu ana iya karanta su. Iska da igiyar ruwa ke turo roba zuwa gaɓa, cikar teku ke zaɓar tsayin da za a ajiye ta, siffar gaɓar kuma ita ke riƙe ta ko ta sake ta. Wanda ya iya haɗa waɗannan uku zai san inda zai je, da ranar da zai je.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Jenna Jambeck da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na roba ya shiga teku daga ƙasashe 192 masu gaɓa. Mafi yawan abin da ke shiga ta bakin kogi ko kwata ba ya yin nisa nan take. Yana ta kai da kawo ne kusa da gaɓa, yau a kan yashi, gobe a cikin ruwa, kuma a wannan tsakanin ne hannun mutum ke iya kai masa.

Mataki na farko: san robar kanta

Kafin ka dubi teku, dubi abin da ya kawo. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da nauyin kusan giram 1,025. Duk robar da ta fi ruwan da ya kai girmanta sauƙi za ta taso sama, wadda ta fi shi nauyi za ta nutse. Leda, murfin gora, jarka, bokiti da igiyar roba galibi da nau'i biyu ake yin su, foliyetilin da folifirofilin, waɗanda nauyinsu bai kai na ruwa ba, don haka suna yawo a sama. Gorar ruwan sha kuwa, wadda ake yi da nau'in PET, ta fi ruwa nauyi sosai. Iskar da ke cikinta ce ke ɗauke da ita. Muddin murfin yana rufe za ta yi ta tafiya, da zarar ya buɗe ko ta huje, sai ta cika ta gangara ƙasa. Shi ya sa za ka ga gaɓa cike da murafe babu gororinsu: gororin suna can ƙarƙashin ruwa.

Bayan tasowa, tambaya ta biyu ita ce nawa ne na jikin abin ke leƙowa saman ruwa. Farin soson da ake kunshe kayan lantarki da shi kusan duk iska ne, yana zaune a kan ruwa kamar tsuntsu, iska kaɗan ta ishe shi gudu. Gora rufaffiya ma haka. Leda kuwa tana shimfiɗe ne dab da saman ruwa ko ƙasa da shi kaɗan, iska ba ta samun inda za ta kama ta, sai inda ruwa ya nufa. Tsohon taru da igiya sun fi kowa biyayya ga ruwa. An ga wannan bambanci ƙarara bayan ambaliyar tsunami ta Japan a watan Maris na 2011: kayan da ke tsaye sama da ruwa su suka fara isa gaɓar yammacin Amurka da Kanada, masu nutso cikin ruwa suka biyo baya da jimawa.

Saboda haka idan ka iso gaɓa ka tarar da soso da gorori sun fi yawa, iska ce ta yi aikin. Idan leda da igiya da guntayen taru ne, gudun ruwa ya kawo su. Wannan kallon farko yana gaya maka abin da za ka fi sa wa ido a matakan gaba.

Mataki na biyu: karanta cika da janyewar teku

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin masu shara ke yin kuskure.

Jan da wata ke yi wa ruwan duniya shi ne babban dalilin cikar teku. Rana ma tana ja, amma tasirinta bai kai rabin na wata ba. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Ke nan kowace rana cikar tana jinkirta da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya kai ƙarshen cikarsa ƙarfe takwas na safe, gobe sai wajen tara saura minti goma. Akwai wuraren da sau ɗaya kawai yake cika a yini, kamar wasu sassan mashigin tekun Meziko, don haka kada ka dogara da lissafin kai. Nemi jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa mafi kusa. Hukumomin tashoshi suna fitar da shi, kuma ana samunsa a intanet da manhajojin waya.

Girman cikar ma ba ɗaya ba ne kullum. Idan wata da rana suka daidaita a layi ɗaya da duniya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, jansu yana haɗuwa, ruwa ya hau sosai ya kuma janye sosai. Wannan ita ce babbar cika, kuma a wurare da yawa tana kai ƙololuwarta kwana ɗaya ko biyu bayan ranar. Idan wata ya kai rabi, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, jan nasu yana saɓawa, sai a sami ƙaramar cika. Daga babba zuwa babba kusan kwana 15 ne. Manyan cikar shekara sukan zo a watannin Maris da Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita.

To, me wannan ke yi wa roba? Cikar teku ita kaɗai ba ta kai kaya nesa, domin abin da ta shigo da shi cikin awa shida takan mayar da mafi yawansa cikin awa shida na gaba. Aikinta shi ne ɗagawa da ajiyewa. Duk lokacin da ruwa ya kai iyakarsa ya fara komawa, yakan bar layi na ciyawar teku, itace, ɓawon kifi da roba a inda harshensa ya tsaya. Yanzu ka yi tunanin makon da ake tafiya daga ƙaramar cika zuwa babba. Cikar yau ta fi ta jiya hawa, sai ta kwashe layin jiya ta tura shi gaba, ta gobe ma ta kwashe na yau. Haka ake ta tattarawa har ranar babbar cika, inda sharar mako guda ke haɗuwa a layi ɗaya mai kauri can saman gaɓa. Daga ranar kuma lamarin ya juya. Kowace cika ba ta kai ta jiya ba, don haka kowacce tana barin nata layin a ƙasa da na baya, har ka ga layuka jere kamar kunyoyi. Babban layin na sama kuwa ruwa ba zai sake taɓa shi ba sai bayan kusan mako biyu.

Wannan ita ce damarka. Kwana biyu ko uku bayan ƙololuwar babbar cika, teku ya riga ya tara maka kayan wuri ɗaya, ya janye hannu. Wanda ya yi shara ana saura kwana uku babbar cika ya kwashe kaɗan ne kawai, babban kayan yana tafe. Wanda ya bari har babbar cika ta gaba ta zo, ya bar ruwa ya sake ɗaukar abin da ya ajiye, musamman idan wannan cikar ta fi ta baya girma.

Tsayin cikar ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. A mashigin Fandi na Kanada bambancin cika da janyewa yana kai mita 16. A yawancin Bahar Rum kuwa bai wuce 'yan santimita goma-goma ba. Inda cikar ba ta da yawa, kada ka ɓata lokaci a kan wata, iska da igiyar ruwa ke da magana. Amma a gaɓa shimfiɗaɗɗiya mara zurfi, ko ƙaramin hawa yana cin fili mai yawa. Idan ƙasa tana gangara mita ɗaya a cikin mita 500, cikar mita uku za ta rufe kilomita ɗaya da rabi.

Mataki na uku: bi iskar kwanakin baya, ba ta yau kaɗai ba

Masu bin diddigin man da ya malale a teku suna da ƙa'idar da ke yi wa roba aiki: saman ruwa yana tafiya da kusan kashi 3 cikin ɗari na gudun iskar da ke kaɗa shi. Iska mai gudun kilomita 36 a awa za ta tura abin da ke saman ruwa kusan kilomita ɗaya a awa, wato kimanin kilomita 26 a yini da dare. Soso da gora sun fi haka sauri tun da iskar tana dukan jikinsu kai tsaye. Ma'ana, robar da ka gani da safen nan iskar jiya da shekaranjiya ce ta kawo ta. Ka riƙa rubuta inda iska ta fito da ƙarfinta kowace rana. Kwana biyu ko uku na iska mai busowa daga teku zuwa tudu, idan suka faɗo a kan babbar cika, su ke kawo shara mafi yawa. Iska mai busowa daga tudu zuwa teku kuwa takan kore abin da ke yawo, har ta kwashi leda da soso busassu daga kan yashi ta mayar da su ruwa.

Akwai kuma iskar yini. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar kanta ta tashi sama, ta teku mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta. Tana ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Da dare ƙasa ta huce, iskar ta juya a hankali zuwa teku. Don haka cikar da ta zo da yamma ta fi ta asuba barin kaya.

Wani abin da ke rikita mai lura shi ne roba ba ta bin iska sak a buɗaɗɗen teku. Fridtjof Nansen, a tafiyarsa cikin ƙanƙarar arewacin duniya tsakanin 1893 da 1896, ya lura ƙanƙara tana karkata zuwa dama da inda iska ta nufa, kuma Vagn Walfrid Ekman ya bayyana dalilin a 1905: juyawar duniya ce. A rabin duniya na arewa karkatar zuwa dama ce, a na kudu zuwa hagu. Amfanin sanin wannan shi ne iska mai bin tsawon gaɓa, wadda kake ganin ba ruwanta da kai, tana iya turo saman ruwa zuwa tudu ko ta janye shi. Ka juya wa iskar baya. Idan kana arewacin duniya kuma tudu yana damanka, sa ran kaya. Kusa da layin da ya raba arewacin duniya da kudancinta da kuma cikin ruwa mara zurfi wannan karkata tana raguwa, ruwa ya fi bin iska kai tsaye.

Idan ka hau wuri mai tudu ranar da ake iska, za ka ga dogayen layukan kumfa da shara a kan ruwa, a miƙe daidai da inda iskar ta nufa. Irving Langmuir ya yi bayaninsu a 1938. Inda layukan suka nuna, can kayan za su sauka.

Mataki na huɗu: dubi igiyar ruwa da siffar gaɓa

Igiya ba ta ɗaga abu ta sauke shi a wuri ɗaya. Kowace wucewa tana matsar da shi gaba kaɗan, abin da George Stokes ya lissafa tun 1847. A ruwa mai zurfi matsin ba shi da yawa. Da igiyar ta shigo inda ba zurfi, ƙasa ta fara riƙe ta, sai ta yi tsayi ta karye, galibi inda zurfin ya kusa daidai da tsayinta ko ya ɗara kaɗan. Daga nan kumfar da ta fashe ke ɗaukar duk abin da ke sama ta ruga da shi kan yashi. Ruwan yana komawa ta ƙasa, wani ya tsotse cikin yashi, robar da ke sama kuwa a bar ta a baya.

Tsaya ka kalli ta wace kusurwa igiyar ke zuwa. Idan a karkace take bugun gaɓa, tana haifar da gudun ruwa mai bin tsawon gaɓar, shi ke jan yashi da roba gefe guda. Za ka iya auna shi. Kafa sanda biyu a kan yashi da tazarar mita 20, jefa guntun itace a inda igiya ke karyewa, ka ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka daga sanda zuwa sanda. Idan 80 ne, ruwan yana tafiyar mita 900 a awa. Kada ka jefa roba don gwaji.

Da ka san inda gudun ya nufa, bi shi da ƙafa har ka sami abin da ya tare shi: katangar tashar jirgi, jerin duwatsu, lungun da gaɓa ta lanƙwasa. Nan ne matattara. Tsinin ƙasa da ya shiga teku yana shan dukan igiya, ba ya riƙe kaya, sai dai abin da ya maƙale a tsagar dutse. Lungu mai fuskantar iska shi ke tarawa. Itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin koguna su ne tarko mafi tsanani, domin saiwoyinsu da ke tsaye sama da laka suna tace ruwa kamar rariya, leda ta naɗe su ta toshe musu hanyar numfashi. Bakin kogi kuma shi ne ƙofa: bayan ruwan sama mai ƙarfi, janyewar teku tana fitar da sharar kogin, cika ta gaba ta watsa ta a gaɓoɓin da ke gefensa. Idan rubutun jikin kayan bai goge ba, ba su daɗe a ruwa ba, asalinsu kusa ne. Idan sun koɗe, ƙananan halittun teku sun manne musu, sun yi tafiya mai nisa. A Janairun 1992 kwantena ɗauke da kayan wasan yara na roba 28,800 ta faɗa arewacin tekun Pasifik, bayan kusan wata goma aka fara tsintar su a gaɓar Alaska.

Hadari yana rushe duk wannan tsari na ɗan lokaci. Iska mai ƙarfi da raguwar nauyin iskar da ke danne ruwa suna ɗaga teku sama da abin da jadawali ya faɗa, igiya ta jefa kaya har cikin ciyayi bayan yashi, ko ta binne su. A tsibirin Henderson da ke kudancin Pasifik, inda ba kowa ke zaune, binciken Jennifer Lavers da Alexander Bond na 2017 ya ƙiyasta guntayen shara kusan miliyan 38, kuma fiye da rabinsu a binne suke cikin yashi. Bayan hadari, duba bayan gaɓa, ka kuma tona santimita goma a wasu wurare.

Mataki na biyar: ranar kwasa

Zaɓi rana biyu ko uku bayan babbar cika, ka iso ruwa yana kan janyewa. Fara da layin ƙasa mafi kusa da ruwa, domin shi cika ta gaba za ta ɗauka cikin 'yan awoyi, sannan ka riƙa hawa sama. Ta haka ruwa na dawowa kana nesa da shi. Buhunan da suka cika a ajiye su sama da layin ƙarshe, a ɗaure bakinsu.

Ina roƙon kowa ya ɗauki maganar dawowar ruwa da muhimmanci. Ba ya hawa daidai-wa-daida. A awar farko kaɗan ne, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin dukan cikar ke shigowa. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ruwan yakan bi ta kwaruruka ya zagaye mutum ta baya kafin ya ankara, laka kuma ta riƙe ƙafa. A Fabrairun 2004 sama da mutum 20 masu tsintar kifin ɓawo suka nutse a mashigin Mokam na Ingila ta wannan hanya. A sa mutum ɗaya wanda aikinsa kallon agogo da ruwa ne kawai, kuma kowa ya bar laka da zarar ruwa ya juyo.

A sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe. Allurar asibiti da fasasshen kwalba a zuba su cikin jarka mai murfi. Duro ko jarka rufaffiya da ba a san abin da ke ciki ba, kada a buɗe, a sanar da hukuma. Ciyawar teku da itace a bar su inda suke, abincin ƙananan halittu ne, tsuntsaye kuma a nan suke kiwo. A tsince robar daga cikinsu da hannu maimakon a bi da manjagara a kwashe duka. Inda kunkurun teku ko tsuntsaye ke ƙwai a saman yashi, a kewaye wurin.

Kada a raina ƙananan. Roba a kan yashi ta fi wadda ke cikin ruwa saurin lalacewa, domin hasken rana da zafi suna gasa ta har ta yi gautsi, igiya kuma ta niƙa ta da yashi. Bokiti ɗaya da za ka ɗauka da hannu ɗaya yau, idan ya shekara nan zai zama dubban ɓarɓashi ƙasa da milimita 5, waɗanda kifi da tsuntsaye ke haɗiya. Rariya mai ƙananan ido tana taimakawa a busasshen yashi na layin sama, inda ƙwayoyin robar masana'anta masu kama da ƙwan kifi ke taruwa, irin waɗanda suka rufe gaɓar Siri Lanka bayan gobarar jirgin X-Press Pearl a Mayun 2021.

Mataki na shida: rubuta

Ware mita 100 na gaɓa, ka yi masa alama da abin da ba ya motsi, kamar yadda ƙasashen arewa maso gabashin Atlantika ke yi a ƙidayarsu sau huɗu a shekara. Duk zuwa, kwashe komai a wannan yanki, ka ƙirga iri-iri, ka rubuta kwanan wata na sama, tsayin cikar ranar, iskar kwana ukun da suka wuce, da ko an yi ruwan sama. A wani yanki dabam, shafa wa gorori ashirin da ka tarar a kan yashi fenti, ka bar su, ka dawo bayan babbar cika ka ga nawa suka rage, ina kuma sauran suka koma. Bayan wata shida littafin zai nuna maka wace iska ke cika wane lungu, kwana nawa kaya ke yi kafin ruwa ya sake ɗaukarsu, da wane bakin kogi ya kamata a kafa wa shingen tare shara tun kafin ta fita teku.